Asibitin Kanar: wata shida ina kai Baba

Baba ba ya son asibiti. Shekara 35 ya yi a soja, ya shiga ta Dafo na Zariya a 1979, ya fita yana samanja a 2014, kuma tun tasowata a bariki ban taɓa jin ya ce ba shi da lafiya ba, iyakarta ya ce jikin ne ya ɗan yi nauyi. Da hawan jini ya kama shi mun zaga wurare uku a nan Kaduna. Ko'ina a rubuta magani, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, mu dawo gida ya jefa a durowa. Wani abokinsa da suka yi kwas tare a makarantar manyan bindigogi ta Kachia ne ya ce mini, "'Yata, ki kai shi wajen Kanar. Can ba a gardama."

Wurin ba wani babban asibiti ba ne. Gida ne aka yanke falo da ɗaki biyu, da rumfar kwano a tsakar gida da benci huɗu. Mai shi likita ne da ya ƙare aikinsa a rundunar lafiya ta sojan ƙasa, ya yi ritaya yana kanar, shi ya sa kowa ke cewa asibitin Kanar. Ya yi aiki a asibitin soja na 44 a Kaduna, ya je Laberiya da dakarun ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Saliyo, daga baya aka tura shi Darfur. Bai faɗa mini wannan da bakinsa ba, a benci na ji, domin tsofaffin da ke zaune a nan sun fi shi sanin tarihinsa. Kowa yana iya zuwa, amma Talata da Alhamis na 'yan mazan jiya ne da iyalansu, kuma rabin kuɗin kati suke biya. Matan sojojin da suka rasu ba ya karɓar ko kwabo a hannunsu.

Ranar farko, muna shiga Baba ya ƙame kamar a filin fareti, mutumin da gwiwa ta hana shi tsayuwar sallah. Kanar ya ce, "Zauna, Samanja. Wace bataliya? Ina da ina ka yi?" Ni kuwa har na fara jin haushi, na ce a raina mun zo awon jini an ɓuge da hirar duniya. Ashe a nan aikin yake. Da Baba ya ce igwa ya riƙe, kuma yana Monrobiya, babban birnin Laberiya, lokacin da 'yan tawayen Charles Taylor suka afka wa birnin a Oktoban 1992, sai Kanar ya taso ya zagaya bayansa ya yi magana ƙasa-ƙasa ta kunnen hagu. Shiru. Ya koma ta dama, Baba ya amsa. Shekara nawa muna cewa Baba ya cika share mutane, ashe ƙarar igwa ce ta ci kunnen, shi kuma ya ƙi faɗa. Likitocin da muka gani a baya duk suna magana ne suna rubutu, kansu a sunkuye, rabin bayanin bai taɓa shiga ba.

Sai maganar leda. Dokar wurin ce, duk abin da kake sha ka zo da shi, har jiƙo. Na kwaso komai, Kanar ya zazzage a kan tebur yana ware su da bayan biro kamar mai tsintar shinkafa. Ya ɗaga katin amlodipine, maganin hawan jini, ya ƙirga: an ɓalle shida, saura ashirin da huɗu, alhali an yi wata biyu da saye. Ya dubi Baba bai ce komai ba. Can Baba ya ce, "Yallaɓai, ƙafa yake kumbura mini." Kanar ya ce gaskiya ne, maganin yana sa wa wasu kumburin idon sawu, kuma da ya faɗa da tuni an rage ko an canza. Sannan ya tura wasu ƙwayoyi gefe, diclofenac da Baba ke saye a kemis saboda gwiwa, kullum biyu. Ya ce wannan yana ƙara hawan jini, yana kuma cin ƙoda a hankali, musamman ga mai shekaru. Awon ranar 178 bisa 104 ne. Ya rubuta shi da jan biro a wani ƙaramin littafi, ya miƙa wa Baba ya ce, "Wannan shi ne rahotonka. Duk zuwa ina son in gani." Yanzu muna wajen 136 bisa 84, kuma littafin yana aljihun gaba tare da katin fansho.

Akwai abin da ban gani ba, kuma ban so aka hana ni ba a lokacin. A zuwa na uku ya ce, "'Yata, ɗan ba mu wuri." Na fita, suka yi kusan minti arba'in. Mu a gida mun san Baba yana firgita cikin barci, mun san in tayar babbar mota ta fashe a titi sai ya yini bai ci abinci ba, amma ba mai tayar da zancen. Mama ma sai dai ta tofa addu'a a ruwa ta ajiye masa. Ban san me suka faɗa ba. Na dai ga Baba ya fito idonsa ja, kuma a mota, ba wanda ya tambaye shi, ya ambaci sunan wani kofur da suka rasa a Firitawun, babban birnin Saliyo, a Janairun 1999, ya ce yaron ɗan Argungu ne, ya iya kamun kifi. Daga baya Kanar ya rubuta masa takarda zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, Baba kuma ya je. Da ni na kawo wannan shawarar, da an yi sati ba a amsa gaisuwata ba.

To, ba a rasa nono a ruga, aibu ma ba a rasa ba. Jira yana da yawa. Likita ɗaya ne, kuma ba ya gaggawa da kowa, in ka zo ƙarfe tara kana iya kaiwa azahar. Babu ɗakin gwaji, abin awon suga da na jini kawai ke akwai, gwajin ƙoda sai da muka tafi wani wuri muka dawo da sakamako bayan kwana biyu. Ba a kwantar da majiyyaci, ba wurin gaggawa ba ne, wanda ya faɗi da dare kada a ɓata lokaci a nufo nan. Wurin kuma ba ya cikin tsarin inshorar DHML ta sojoji da masu ritaya, saboda haka magani daga aljihunka ne, ko da yake yana rubuta mai sauƙin kuɗi, yana kuma nuna wa mutum abin da ya kamata ya je ya karɓa a inda ya yi rajista.

Abin da ya fi damuna shi ne babu ma'aikaciya mace. Mataimakinsa tsohon saje ne, mutumin kirki, hannunsa da sauƙi wajen allura, amma na ga wata dattijuwa, matar marigayi, ta zauna tana ta murza gefen mayafi, da aka zo kanta ta ce ciwon kai ne kawai. Ni mace ce, na san ba ciwon kai ya kawo ta ba. Na faɗa wa Kanar, ya ce ya ji, yana neman nas. Wata uku ke nan. Sannan harshensa na bariki ne. Baba yana jin daɗin a ba shi oda, amma na ga ya yi wa wani saurayi faɗa a gaban mutane don ya bar mahaifinsa ya zo shi kaɗai a kan acaɓa, har yaron ya rasa inda zai sa kansa. Gaskiya ya faɗa, sai dai da an ja shi gefe.

Bencin kuwa, ban san ko in sa shi cikin aibu ko cikin alheri ba. A nan ake lissafin bashin fansho, a nan ake jin wanda ya rasu, a nan ake musun wa ya fara sauka tashar jirgin ruwan Monrobiya a Agustan 1990. Akwai wani tsoho da ya yi yaƙin basasa, ya haura tamanin, lafiyarsa ƙalau, duk Alhamis sai ya zo a auna shi ya zauna har a tashi. Kanar ya sani, bai taɓa korarsa ba.

Wanda zai kai nasa, ya je kafin bakwai da rabi, ya tafi da ledar magunguna duka, da ruwan sha, domin rumfar tana ɗaukar zafi daga sha ɗaya. Mu Alhamis mai zuwa ne namu. Tun jiya Baba ya sa an goge masa farar kaftani, ya kuma tambaye ni sau biyu ko na ga inda ya ajiye ƙaramin littafin, alhali yana aljihunsa.