Methotrexate ga mai kumburin cikin ido: tsohon magani mai aiki, idan an bi tsarinsa

Mai kumburin cikin ido wanda ba ƙwayar cuta ce ta jawo shi ba, wato garkuwar jikinsa ce ta juya ta afka wa idon, yakan fara ne da sitiroid, maganin kwantar da kumburi: na ɗigawa idan kumburin a gaban ido yake, ƙwayar prednisolone idan ya kai tsakiya ko baya. Cikin 'yan kwanaki jan ido ya lafa, hazon ya washe, ɗigo-ɗigon da ke yawo a gani su ragu. Matsalar tana zuwa ne a lokacin rage maganin. Da an sauko ƙasa da miligiram 15 ko 10 sai kumburin ya dawo, a sake hawa, a sake sauka. Wanda ya yi watanni a wannan hali zai biya da yanar ido, hawan jinin ido, ciwon sukari, ƙiba da raunin ƙashi. A nan ne likita ke kawo maganar maganin danne garkuwar jiki, kuma a ganinmu ga yawancin masu wannan ciwo methotrexate ne ya cancanci a fara da shi. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran, ana amfani da shi a ciwon ido tun shekarun 1960, kuma an san halinsa ciki da waje.

Abin da ake nema a wurinsa bai da yawa: ido ya zauna lafiya alhali prednisolone bai wuce miligiram 7.5 a rana ba. Da wannan ma'aunin aka gwada shi a binciken FAST da aka wallafa a 2019, inda aka raba mutum 216 daga Indiya, Amurka, Ostireliya, Saudiyya da Meziko gida biyu. Wasu suka sha methotrexate miligiram 25 sau ɗaya a mako, wasu mycophenolate, wani maganin danne garkuwar, giram 3 a rana. Bayan wata shida, kashi 66.7 cikin 100 na masu methotrexate sun kai ga abin da ake nema, masu mycophenolate kuma kashi 57.1. Tazarar ba ta kai a ce ɗaya ya doke ɗaya ba, amma ta rushe zaton da likitocin ido da yawa suka daɗe suna yi cewa mycophenolate ya fi ƙarfi. A cikin waɗanda kumburin ya kama bayan ido ko ya game idon duka, methotrexate ya ma fi fitowa, kashi 74.4 a kan 55.3. A kumburin tsakiyar ido kuwa sakamakon ya karkata ga mycophenolate, sai dai mutanen wannan rukunin ba su da yawa, don haka ba a gina hukunci a kansa ba.

Kashi biyu cikin uku ke nan. Ɗaya cikin uku zai buƙaci a sauya masa ko a ƙara masa wani, kuma ya kamata a faɗa wa maras lafiya haka tun ranar farko.

Kafin a haɗiye ƙwaya ta farko akwai aikin da ba a tsallakewa. Tarin fuka da tunjere duk suna iya shigowa ido da kamannin kumburin da ba na ƙwayar cuta ba, haka ma toksofilasma, da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, da ƙwayar hafis mai jawo ƙurajen leɓe. Danne garkuwar mai ɗaya daga cikin waɗannan daidai yake da zuba wa wuta fetur. Saboda haka sai an yi gwajin jini na tunjere, gwajin tarin fuka da hoton ƙirji, sannan ciwon hanta nau'in B da C da kuma kanjamau. A haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin aikin hanta da na ƙoda, da gwajin ciki ga macen da ke iya ɗaukar juna biyu. Ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki, don haka mai raunin ƙoda sai an rage masa, idan raunin ya yi tsanani a bar shi gaba ɗaya.

Yanzu ga inda aka fi samun ɓarna. Methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako. Ƙwayar ƙarama ce, miligiram 2.5, kuma babba yakan fara da ƙwaya shida, wato miligiram 15, a ƙara zuwa ƙwaya goma idan jiki ya karɓa bayan mako biyu zuwa huɗu. Duka a rana ɗaya. Mutumin da ya saba da shan magani kullum, ko mai sayar da magani da bai karanta takardar da kyau ba, yakan mayar da shi na kowace rana, kuma 'yan kwanaki kaɗan a haka sun isa su durƙusar da ɓargo, baki ya cika da gyambo, jini ya ƙi daskarewa. An rasa rayuka ta wannan hanya. Akwai kuma ƙwaya mai miligiram 10 da ke kama da ta 2.5, wanda ya sa asibitoci da yawa ke ba da ta 2.5 kaɗai don kada a rikita lissafi. A nan muna ganin laifin kwalin ne a wasu kamfanonin, domin ba duka ne ke rubuta gargaɗin mako-mako da manyan baƙaƙe ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a zaɓi rana guda, a rubuta sunanta a kan kwalin da hannu, wani na gida ma ya san ranar. Wanda ya gano ya sha shi kwanaki a jere ya nufi asibiti nan take ko da bai ji komai ba, akwai maganin karya shi, folinik asid, kuma yana aiki ne idan an ba da shi da wuri.

Folik asid, wani bitamin da ya bambanta da folinik asid, abokin tafiyar methotrexate ne. Ko dai miligiram 1 kullum, ko miligiram 5 sau ɗaya a mako a wata rana daban da ta methotrexate. Yana rage tashin zuciya, ƙurajen baki da hauhawar sinadaran hanta, ba tare da ya kashe amfanin maganin ba. Masu yawa da ke cewa maganin bai karɓe su ba, idan aka bincika sai a tarar folik asid ɗin ne ya ƙare ba a sake saya ba.

Illar da ta fi korar mutane ita ce tashin zuciya da kasalar washegarin shan magani. Shan sa da dare bayan abinci, a jajibirin ranar da mutum ba ya aiki, yana taimakawa. Idan abin ya ƙi, a koma allurar ƙarƙashin fata a cinya ko ciki, ita ma sau ɗaya a mako. Allurar tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: hanji ba ya iya tsotse maganin duka da zarar an wuce miligiram 15, saboda haka mai shan ƙwaya goma ba lallai ne duk 25 ɗin su kai jininsa ba. Kafin a yanke cewa methotrexate ya gaza, gara a gwada shi ta allura. Yara masu kumburin ido da ke tare da amosanin gaɓɓai na ƙuruciya ma allurar aka fi ba su, da awon miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki.

Sai gwajin jini, wanda a zahiri shi ne rabin kuɗi da rabin wahalar wannan magani. Tsarin da aka fi bi shi ne kowane mako biyu har awon ya daidaita na mako shida, sannan kowane wata na wata uku, daga nan kowane wata uku muddin ana sha. A binciken FAST sinadaran hanta sun hau ga kashi 13 cikin 100 na masu methotrexate, masu mycophenolate kashi 7.4. Yawanci hawa ne kaɗan da ke sauka idan an rage awon. Idan ya ninka iyakar lafiya sau uku, ko fararen ƙwayoyin jini suka faɗi, a dakata. Giya ba ta tafiya da shi. Mai ƙiba da mai ciwon sukari suna buƙatar ƙarin sa ido, domin hantarsu kan riga ta tara kitse. Wanda kuwa ba shi da halin yin gwajin nan a kai a kai, gaskiyar magana methotrexate ba nasa ba ne, duk arharsa.

Magani ɗaya ne muke so kowane mai shan methotrexate ya haddace sunansa: Septrin, wato co-trimoxazole, da ɗan uwansa trimethoprim. Ana ba da su barkatai don ciwon mafitsara da tari, kuma hanya ɗaya suke toshewa da methotrexate a jiki, haɗa ɗayansu da shi yana iya kwantar da ɓargo cikin ƙanƙanen lokaci. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma a yi hattara da su, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda. Rigakafi mai rayayyar ƙwayar cuta, irin na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, a yi shi kafin a fara. Busasshen tari da shaƙewar numfashi da zazzaɓi na iya zama kumburin huhu da maganin ke jawowa. Ba shi da yawa, amma ba a jira ranar ganin likita a kansa.

Ga macen da ke neman haihuwa, zancen gajere ne. Methotrexate yana jawo ɓari da nakasar jariri, ba a shan sa da ciki ko lokacin shayarwa, kuma sai an daina shi da wata uku zuwa shida kafin ɗaukar ciki. Mycophenolate ma haka yake da ciki. Azathioprine, wani maganin danne garkuwar, shi ne mafita a irin wannan hali, bayan gwajin jini na TPMT, mai nuna ko jiki zai iya sarrafa shi, inda ake yin sa, kuma kada a haɗa shi da allopurinol, maganin ciwon gaɓɓai na gout.

Rashin saurin methotrexate ma abin a ƙirga ne. Yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin a fara ganin aikinsa, cikakken hukunci kuma sai wajen wata shida. A tsawon wannan lokaci prednisolone ne ke riƙe idon, ana saukar da shi sannu a hankali. Kuskure biyu ake yi a nan: maras lafiya ya watsar da methotrexate a mako na huɗu don bai ga canji ba, ko ya watsar da prednisolone farat ɗaya don an ba shi sabon magani. Na biyun ya fi haɗari, domin bayan dawowar kumburin, jikin da ya saba da sitiroid yana iya galabaita idan aka yanke masa shi kwatsam. Kuma ba jin daɗin ido ne ma'auni ba. Kumburi na iya ci a ɓoye, musamman a yara, sai likita ya ƙirga ƙwayoyin kumburin da na'urar duba ido, ya auna ƙarfin ruwan ido, ya ɗauki hoton tsakiyar tantanin gani don ganin ko ruwa ya taru.

Akwai inda ba za mu ba da shawarar a tsaya ɓata lokaci da methotrexate ba. Cutar Behçet, mai kumbura jijiyoyin jini a sassan jiki, idan ta kama jijiyoyin jinin bayan ido tana cin gani da sauri, kuma azathioprine ko allurar infliximab ko adalimumab ake nufa kai tsaye. Adalimumab, wanda aka fi sani da Humira, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka don wannan ciwo a 2016. Babba yana farawa da miligiram 80, bayan mako ɗaya 40, sannan 40 kowane mako biyu. A binciken VISUAL na farko, matsakaicin lokacin da kumburi ya ɗauka kafin ya dawo mako 24 ne ga masu allurar, mako 13 ga waɗanda aka yi wa ta bogi. Ya fi sauri, bai cika damun ciki ba, amma yana da tsada, yana buƙatar firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance, kuma mai kumburin tsakiyar ido akan duba ƙwaƙwalwarsa da hoton MRI tukuna saboda maganin na iya tsananta cutar da ke cin rigar jijiyoyi. Etanercept, duk da dangi ɗaya suke, ba ya yi wa ido aiki.

Ko an hau adalimumab ɗin, sau da yawa ba a sauke methotrexate. Jiki kan ƙera garkuwa a kan allurar har ƙarfinta ya ragu, methotrexate kuma yana rage aukuwar hakan. A binciken SYCAMORE na 2017, kan yara 90 masu amosanin gaɓɓai da kumburin ido waɗanda methotrexate kaɗai bai ishe su ba, magani ya gaza ga kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 60 ga waɗanda aka bari a kan methotrexate shi kaɗai.

Tsoron ciwon daji shi ne tambayar da kusan kowa ke yi da zarar ya karanta takardar cikin kwali ya ga asalin maganin na masu daji ne. Awon da ake ba mai ciwon ido ƙaramin yanki ne na wancan, kuma babban binciken SITE da ya bi dubban masu kumburin ido a Amurka, wanda aka wallafa a 2009, bai ga ƙarin mace-mace ko mutuwar ciwon daji ga masu shan methotrexate ba.

Idan ya karɓi mutum, ba a gaggawar rabuwa da shi. Likitoci da yawa kan jira ido ya yi shekara biyu shiru kafin su fara ragewa, miligiram 2.5 a lokaci guda, ana duba idon tsakanin kowane mataki. Mai buƙatar aikin cire yanar ido kuma sai idon ya yi aƙalla wata uku ba kumburi, kuma ba a dakatar da methotrexate don aikin, a kansa ake shiga ɗakin tiyata.