Jan littafi da allin bango

Yaya, assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafar, ya yara, ya sanyin Jos? Kin ce hotunan jaririya sun isa haka, in ba ki labarin yadda 'yan'uwanki ma'aikatan lafiya ke aiki a nan Manchesta. Tunda mun yi arba'in na samu kaina, ga shi.

Washegarin da aka sallamo ni, sai ga ungozoma a bakin ƙofa. Ban kira ta ba, ban yi mata kwatance ba. Asibiti ne ya tura mata sunana. A kwana na 5 aka dawo aka ɗan soki diddigen yarinya aka ɗebi jini don gwaji. Bayan suna kuma wata daban ta karɓa, wadda suke kira mai ziyarar lafiya, nas ce da ta yi ƙarin karatu, kuma ƙa'idarsu ta zo tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ta tuɓe takalmi, ta ajiye sikelinta a kan darduma, ta auna yarinya tsirara tana tsala ihu. Da Baban yarinya ya shiga kicin, sai ta matso ta rage murya: ina samun barci? Ina yawan kuka? Akwai wanda nake jin tsoro a gidan nan? Na yi sak. Ke kin san a Unguwar Rogo mai jego kunu ake tambayarta ko ta sha.

Abin da ya fi burge ni wani ɗan jan littafi ne. Nauyin yarinya, rigakafinta, duk abin da aka gani, a ciki ake rubutawa, a kuma shigar a kwamfuta. Da na kai ta wurin likitan unguwa, kafin in buɗe baki ya san abin da matar nan ta gani a ɗakina. Rigakafinsu a sati 8, 12 da 16 ne, namu 6, 10 da 14. Ita BCG, allurar rigakafin tarin fuka, ba kowane yaro ake yi wa ba, mu an kira mu ne saboda ƙasar da muka fito tana da tarin fuka.

Kada ki ce kyauta ce. Kafin a ba mu biza sai da muka biya fam 1,035 na kowace shekara a kan kowane babba. Maganin da likita ya rubuta fam 9.90 ne kowane ɗaya, sai dai an ɗauke wa mai ciki har shekara guda bayan haihuwa. Babu kemis ɗin da za ki leƙa ki ce a haɗa miki na zazzaɓi. Ganin likita kuwa, ƙarfe 8 na safe za ki rungumi waya kina bin layi, wani lokacin a ce yau ta cika.

Sai dai fa, Yaya, matar nan ba ta san ni ba. Na ce mata Inna ta aiko da garin kunun kanwa, kuma ina wankan jego da tafasasshen ruwa. Ta zaro ido, ta ce in maimaita kalmar, ta rubuta. Ke da kin ji kanwa nan take za ki ce a rage saboda zuciya, kuma kin san da wace murya za ki faɗa wa surukar gida ba tare da ta ɗaure fuska ba. Na tuna lokacin rigakafin shan-inna, kina tafe da akwatin ƙanƙara, kina shafa wa yara tawada a ɗan yatsa, kina yi wa bango alama da alli. Gidan da suka ƙi, ba takarda kike aika musu ba, mai unguwa ko liman kike ɗaukowa. Da irin wannan sintirin aka kai ga cire Najeriya daga jerin masu cutar a 2020.

Inda ake barinku a baya shi ne bayan kin rubuta takardar turawa. Mace ta hau Keke zuwa babban asibiti, shi ke nan, an kwantar da ita ne, an sallame ta ne, sai dai ki ji a gidan suna ko gidan gaisuwa. Katin awo ya jiƙe ko ɓera ya ci, tarihinta ya tafi. Kin san gida, asibiti ya san cuta, amma babu igiyar da ta haɗa ku.

Wani abin dariya, su ma yanzu irin aikinku suke nema. A 2021 aka fara gwaji a wata unguwa a Landan, an kwaikwayo daga Brazil: a ɗauki ɗan unguwa ya riƙa bin gidaje yana haɗa su da asibiti. Na ce wa Baban yarinya, ai shirin CHIPS ɗinmu ne na 2018, na 'yan unguwa masu bin gidaje kan harkar lafiya, bambancin kawai nasu albashi na shiga a kan lokaci.

Na sayi sikelin jarirai da na'urar awon hawan jini, zan ba mai zuwa Abuja ƙarshen wata, ki aika a karɓo. Idan zai dawo a haɗo min kuka da daddawa. Ki gaishe da Inna, ki ce mata na rage kanwar.