Kacici-kacici ko "zaɓi ɗaya cikin biyu": amsa ga mai bikin ƙanwa a Asawase

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata mai tambayar jiya da dare, kince ana auren ƙanwarki a unguwar Asawase ta Kumasi, dangin ango zasu taso daga unguwar Nima ta Accra, kuma daren Asabar kafin ɗaurin aure za'a zauna a tsakar gida ƙarƙashin kanofi, manya da yara kusan mutum 40, bakya son a kunna sipika kawai kowa ya duƙufa kan wayarsa. Shine kike tambaya wanne yafi, kacici-kacici irin na gida ko wasan nan da ake cewa mutum ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Toh ni dai na biyun nake baki shawara, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shine rabin maganar, dan Allah ki karanta har ƙasa.

Bari in fara da kacici-kacici tunda shi muka tashi dashi kuma wallahi ina ƙaunarsa. Kice ƙulunƙulufita, yara su amsa gauta, ki jefa musu "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" suyi ta zare ido har wani yace tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya bada gari, ke kuma kice kinci garin da duk abinda ke cikinsa kafin ki faɗi amsa, kuma anan ma ake dariyar, yaro ya baki Tamale kice bakya so a ƙaro Makka. Babban alherinsa shine baya taɓa kowa. Ba wanda zai koma gida da ciwon zuciya saboda an tambayeshi menene ɗakin saurayi babu ƙofa, iyaka yace ƙwai ko ya kasa. A gaban surukai lafiya lau ne, a gaban malamai ma lafiya lau.

Matsalarsa a taro irin naki guda biyu ce. Ta farko, kamar ashana yake, sau ɗaya yake kamawa. Idan mutum ɗaya acikin 40 ɗinnan yasan amsa ya faɗa da ƙarfi shikenan an gama, sauran 39 'yan kallo ne, kuma kullum akwai wannan mutum ɗayan, galibi wata kaka ce ko wani ɗan makaranta mai kaifin kai. Guda 15 da kika tanada kafin minti 20 sun ƙare kin tsaya da maik a hannu. Ta biyu kuma itace wadda mutane basa son a faɗa: zango ba Hausawa kaɗai bane. A tsakar gidan nan naki za'a samu Dagomba, Mosi, Kotokoli, Zabarmawa, Wangara, Fulani, duk suna jin Hausa paa, da ita ake ciniki da ita ake gaisuwa, amma kacici-kacici yana son wanda ya girma da kayan da ake zancensu. "Baba na ɗaka gemu na waje" sai wanda ya taɓa ganin hayaƙi na fita ta rufin ɗakin ciyawa zai kamo, yaron da ya buɗe ido yaga silinda da kurfoti a baranda ina zai gano? Ga yaranmu na Kumasi rabin hirarsu Twi ce, na Nima kuma Ga da burokin. Sai kiga wasan ya raba wurin biyu, masu sani suna ta nishaɗi, sauran suna murmushin ladabi suna leƙen waya, abinda kike gudu kenan tun farko.

Shi kuwa zaɓi ɗaya cikin biyu ba amsar daidai acikinsa balle wani ya riga wani. Kice koko da ƙosai ko shayi da burodi, yarinya 'yar shekara 6 tana da amsa, Alhaji mai shekara 70 yana da amsa, baƙuwar da batasan kowa ba tana da amsa. Ba'a faɗuwa, dan haka ba kunyar kasawa. Kuma tambaya ɗaya bata mutuwa idan an amsa, anan ma take farawa, saboda daɗin ba'a zaɓin yake ba, a "saboda me" yake. Ki tambayi mutum waakye da shito ko tuwon zafi da miyar ayoyo, yace waakye, kice na ina, toh kin buɗe ƙofa, 'yan Nima zasu rantse ba waakye a duniya sai nasu, 'yan Aboabo ta Kumasi su miƙe tsaye, kafin ki ankara mutanen da ɗazu suke gaisuwar nesa nesa suna tafa hannu suna musu kamar sun shekara tare. A bikin da dangi biyu basu san juna ba wannan ake nema, a samu abin musu wanda ba zai ɓata zumunci ba.

Kuma kada wani yace miki abin turawa ne aka kwaso daga intanet. Kakanninmu suna da tatsuniyoyin da ake ƙarewa da tambaya, a kawo jarumai biyu ko uku kowa da bajintarsa sannan ace toh acikinsu wa yafi, yara su kwana suna gardama ba'a yanke ba. Samarin bes ma da suke zaman ataya har tsakar dare me sukeyi in ba wannan ba, Messi ko Ronaldo, Madrid ko Barca, Jamus ko Amurka. Abin yana jininmu, tsari kawai za'a sa masa.

Yanzu ga sharaɗin. Kacici-kacici ko kinyi sakaci iyakarsa ya gundiri mutane, amma wannan idan kinyi sakaci zai iya ɓata biki, kuma ba wasa nake ba. Tunda tilas ne mutum ya zaɓa a gaban jama'a, duk tambayar da zatasa ya fifita wani mutum mai rai akan wani dake zaune a wurin, wuƙa ce. Uwarka ko matarka, kowa yasan wannan tambayar, samari suna sonta saboda tana tada ihu, amma ki duba, uwar ango tana zaune ta sha hanya kusan kilomita 250 a bas, uwar amarya tana zaune, sai a tsayar da yaro ace ya zaɓa? Duk abinda ya faɗa akwai wadda zata riƙe a rai har bayan suna na biyu. Haka uwargida ko amarya, a gidan da akwai kishiyoyi zaune a benci ɗaya. Haka ɗa namiji ko mace, alhali baki san wacece acikin baƙin take shekara goma tana neman haihuwa ba. Fara ko baƙa, siririya ko mai jiki, duk ki cire. Magana zarar bunu ce, kuma yanzu ga waya, wani zai ɗauka ya saka a status kafin a kwashe kujeru.

Siyasa ma ki rufe ƙofarta da kwaɗo. Zaɓen 7 ga Disamba 2024 bai daɗe ba a zukatan mutane, akwai gidajen da wa ya bi Bawumia ƙani ya bi Mahama kuma har yau ana lallaɓa zancen, ke kinsan yadda Asawase take zama lokacin zaɓe ba sai na faɗa miki ba. NDC ko NPP ba tambayar biki bace. Tijjaniyya ko Ahlussunna kuwa ko a raha kada ta fito, haka wace ƙabila tafi iya girki ko tafi riƙon aure.

Akwai guda ɗaya mai zafi da ni zan bari, ta ƙwallon ƙafa, Kotoko ta Kumasi ko Hearts ta Accra. Wannan musun ya girmi duk wanda zai zauna a kanofin nan, Hearts tun 1911 Kotoko tun 1935, kuma an saba yinsa ana dariya. 'Yan Kumasi zasu kawo kofin Afirka na 1970 da na 1983, 'yan Accra su kawo na 2000, sannan dole wani dattijo daga Nima ya tuna musu wasan ƙarshe na kofin Confederation da Hearts tazo har Kumasi ta ɗauka da bugun fenareti a Janairun 2005, wurin zai kaure amma ba wanda zai ƙi cin abinci saboda haka. Ki ajiyeta sai wajen ƙarshe lokacin da jiki ya fara sanyi, ita zata tada maza daga gyangyaɗi. Minti 10 ya isa sai ki katse.

Wani abu da yake taimakawa sosai, ki duba waye abokin wasan waye. Mu ai al'ada ta riga ta ware inda tsokana take halal, kaka da jika, taubasai, matar wa da ƙanin miji. Idan kinada tambaya mai ɗan yaji ki bawa jika ya jefa wa kakarsa, irin "kaka, goro na wata ɗaya ko sabon mayafi", zata zageshi cikin raha kowa yayi dariya har ita. Amma tambayar nan ɗaya idan surukar gida ce ta jefa mata ya zama rashin kunya. Ita amarya kuma ki ƙyaleta koraa, daren nan kunya ce adonta, kada a tsayar da ita gaban dangin miji ace ta zaɓi komai. Idan ƙawayenta suna son su tsokaneta suyi a ɗaki wajen lalle inda ba suruka.

Tambayoyin da suke tafiya lafiya sune na ci da sha da wahalhalun da kowa ya sani. Fura ko burkina. Sobolo ko lamurji. Ƙaramar Sallah ko ta layya. Dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, na sati guda ko famfo ya ƙafe sati guda, wannan mata da maza basa taɓa haɗuwa a amsa ɗaya kuma dalilansu sune abin ji. Trotro, ƙaramar bas ta haya, ko pragya, keke mai ƙafa uku. Bas ɗin dare zuwa Accra ko na asuba. Wata ɗaya ba waya ko wata ɗaya ba nama. Idan wuri yayi ɗumi sai ki ɗan zurfafa, ɗakin haya naka kai kaɗai ko ɗaki kyauta a gidan gado, shago a kasuwar Kejetia ko biza zuwa Jamus. Ta ƙarshen nan tana da daɗi sosai saboda dattawa suna shiga da labarai, wanda yaje ya dawo da wanda bai taɓa fita ba kowa da hujjarsa, sai dai ki fara bincika a hankali, idan akwai gidan da ɗansu ya bi hanyar Libiya ba'a sake jin ɗuriyarsa ba ki tsallaketa.

Wajen gudanarwa ma sun bambanta. Kacici-kacici baya son komai sai mai baki da haddar abin, kuma yafi armashi a ƙaramin da'ira, mutum 8 zuwa 12 a tabarma. Zaɓi ɗaya cikin biyu yana ɗaukar taro babba amma yana son mai riƙe maik mai ido, wanda yasan dangin biyu, ba emsin haya da zai zo da tambayoyin da ya kwafo a TikTok ba. Doka uku kacal: ba "duka biyun", ba "ya danganta", kuma wanda aka nuna zai faɗi dalili a taƙaice. Matasa da yara kice masu koko su koma dama masu shayi su koma hagu, motsin nan kansa yana kashe kunya kuma yana cakuɗa baƙi da 'yan gida. Manya kuwa kada a tashesu daga kujera, ɗaga hannu ya wadatar, kuma duk dattijon da yace a wuce shi a wuce shi ba ja. Kada ki bari a buɗe fili kowa ya kawo tambayarsa daga cikin taro, ta nan ne uwarka ko matarka take shigowa. Wanda yake da tambaya ya raɗa wa mai maik tukuna.

Dan haka ga yadda zan tsara miki daren. Bayan Magariba kafin manya su gama haɗuwa, ki tara yara wajen wata kaka mai baki a basu kacici-kacici na minti 15 zuwa 20, da alawa ko biskit ga wanda ya ci, suma kakannin suna jin daɗin a nemesu kuma yaran suji abinda basa ji a sukuu. Bayan Isha'i idan anci abinci sai a shiga zaɓi ɗaya cikin biyu da kowa da kowa. Ki rubuta tambaya 25 a takarda duk da dai da wuya ki wuce 12, ki fara da na abinci, kuma kafin ranar ki karanta su gaba ɗaya wa mutum biyu, wata babba daga gidanku da wata daga dangin ango ko a waya ne, duk wadda ɗayansu ta ɗan yi shiru akanta ki goge ba sai kin tambayi dalili ba. Ki tsaida wasan tun ana so, wajen ƙarfe 10, saboda masu girkin safe da baƙin da suka sha hanya. Allah ya sanya alheri ya basu zaman lafiya, idan kin rubuta tambayoyin ki turo min in duba miki kafin Juma'a.