Dabino ko alkama? Ɗauki dabino

Wa alaikumus salam ƙanena. Kana tambayar wanne za ka karanta jinom ɗinsa, wato dukkan DNA ɗinsa, a digirinka na biyu, dabino ko alkama. Ɗauki dabino.

Kamfanin da zai karanta maka DNA ba ruwansa da yawan ƙwayoyin gado, harufan da DNA ɗin ya ƙunsa yake ƙirgawa ya caje ka. Na dabino wajen miliyan 670 ne, na alkama kuwa biliyan 16, wato ninki fiye da 20. To duba ƙwayoyin gadon. Binciken da masana na cibiyar kimiyya ta KACST a Riyad suka fitar tare da 'yan Sin a 2013 kan dabinon Khalas ya samu sama da 41,000. Alkama kuma, a rahoton 2018, wajen 107,000. Ko ninki uku bai cika ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jinom ɗin alkama maimaici ne, guntayen da ke kwafar kansu suna barbazuwa, ga shi jinom uku ne aka cure wuri guda. Mu kanmu harufanmu biliyan 3, ƙwayoyin gado kusan 20,000, shinkafa ma ta fi mu. A bakteriya ne lissafin ke tafiya daidai, kusan ƙwaya guda a kowane harafi 1,000.

Da dabino na yi nawa. Wani dattijo mai gona a Ahsa, can gabashin Saudiyya, ya hau da kansa ya yanko mini ganyen tsakiya, mai laushin nan da bai gama yin kore ba, ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya, ya kuma zaunar da ni shan gahawa. Karatu ninki 30, wato zurfin da ake karanta kowane harafi kusan sau 30, ya tsaya a harufa biliyan 20, kwamfutar sashenmu ta ɗauka ba gardama, na gama iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta ƙare ba. Alkama a wannan zurfin biliyan 480 take nema. Tana da amfani, ba musu, amma sai mai babban tallafi.

Ka kula da dillalan da ke yawo a WhatsApp da farashi mai araha "kan kowane samfur". Zurfin karatun suke ragewa ba su faɗa ba. A rubuta maka yawan harufan da za a ba ka, ka nemi ainihin fayilolin da suka fito daga inji, kada ka biya duka kafin ka gani. Sinadaran gwajin ma duba ranar lalacewarsu, in sun iso ba ƙanƙara ka mayar.

In ka je gona, ka tambayi manomin irin bishiyar da ko namiji ce ko mace, ka rubuta a jikin leda tun a can.