Fim ɗin baƙi da fari ko kyamarar dijital?

Kusan kullum sai wani ya tambaye ni, wai Oga wanne zan kama, fim ɗin baƙi da fari ko dijital? Toh bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ta fannin kuɗi dijital ta fi sauƙi, kyamarar ce kawai za ta ci aljihunka da farko, daga nan ka ɗauki dubu ka goge ɗari tara ba wanda zai ce maka kanzil. Fim kuwa naɗi ɗaya na 35mm hoto 36 ne ko 24, ga kuɗin wanki ga sinadarai, amma wallahi wannan ƙarancin shi ya koya mana tsayawa mu karanci haske kafin yatsa ya motsa, kuma har yau ina kewar tsayuwa a ɗakin duhu ƙarƙashin jar fitila ina kallon fuska na fitowa a hankali kan farar takarda, da wannan burbushin da ke fitowa a hoton fim ɗin Tri-X, wanda filtar dijital ba ta taɓa kamo min shi daidai ba.

Haɗari kowa da nasa. Haske ya shiga fim shikenan ya ƙone, memori ma yana lalacewa ba sallama. Sai dai negetif, wato fim ɗin da aka wanke, in an adana shi da kyau yana haura shekara 100. Abin dariya ma, injiniyan kamfanin yin fim na Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975.

Mai aikin biki ko jarida da ake jira yau-yau ya riƙe dijital. Wanda ba ya sauri kuma yana son aikin hannu, fim nasa ne.