Kwana uku a gidan katako a gundumar Cook: abin da na gani da abin da ban ji daɗinsa ba

To jama'a, tunda mutane da dama sun tambaye ni ya tafiyarmu ta arewacin jihar Minnesota ta Amurka ta kasance, bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ni da maiɗakina da yara biyu muka tashi daga Minneapolis ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka bi ta Duluth muka hau titin 61 wanda ke bin gaɓar tafkin Superior, kusan awa biyar da tsaye-tsayenmu kafin mu isa Grand Marais, wato hedikwatar gundumar Cook. Wallahi in ba an faɗa maka tafki ba ne rantsewa za ka yi teku ne, ba ka hango ɗaya ɓangaren sam, kuma ruwan sanyi ƙalau ko da a tsakiyar watan Yuni. Gundumar kaf ɗinta mutanenta wajen 5,600 ne a ƙidayar 2020, saura duk daji ne da ruwa.

Gidan da muka kama haya yana kan hanyar da suke kira Gunflint Trail, titi ne mai tsawon mil 57 da ya tashi daga garin ya nausa daji har kusa da iyakar Kanada. A intanet na yi bukin, masu wurin su ke ba da hayar gidan su ke ba da hayar kwalekwale. Gidan kansa ba ni da ƙorafi a kansa, katako ne tun daga ƙasa har rufi, kana buɗe ƙofa ƙamshin icen zai dake ka, akwai firij da risho na gas da tukwane, gado uku, barguna masu kauri da da farko na ce me za mu yi da su, sai da dare ya raba na gane. Ruwan zafi bai taɓa yankewa ba. Mun taho da namanmu na halal a kula daga gida da shinkafa da yaji, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan, don ba mu ga inda za ka samu a can ba sai dai kifi.

Abin da ya fi burge ni shi ne matar da ta ba mu kwalekwalen. Dattijuwa ce, ba ta yi gaggawar karɓar kuɗi ta sallame mu ba, sai da ta shimfiɗa taswira a tebur ta nuna mana inda za mu shiga da inda iska ke tasowa da rana, ta gwada wa kowane yaro rigar ceto da hannunta tana jan igiyar ta ga ta kama jiki. Ita ta yi mana bayanin dokokin Boundary Waters, wato keɓaɓɓen dajin nan da ya haura eka miliyan ɗaya: ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba, ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4, kuma in kwana za ka yi a ciki tsakanin Mayu da Satumba sai ka nemi izini tun da wuri. Mu takardar izinin yini muka cike a bakin mashigar. Tsakanin wani tafkin da wani kuwa saɓar kwalekwalen ake yi a kafaɗa a ratsa daji da ƙafa, na yi sau ɗaya, gajeriya ce ma amma kafaɗata ta san an yi aiki.

Muna tsakiyar ruwa maiɗakina ta ce, "Abbansu, dakata da tuƙin nan ka saurara." Na ɗaga filafilin. Babu ƙarar mota babu ta inji, sai ɗigar ruwa daga filafilin da kukan wani tsuntsun ruwa da suke ce wa loon, baƙin kai da jajayen idanu, kukansa dogo kamar mai kiran wani daga nesa. Ƙaramar ɗiyata ta riƙe gefen kwalekwalen ta yi tsit, yarinyar da bakinta ba ya hutawa. Wannan ɗan lokacin kaɗai ya biya ni kuɗina.

Kuma dajin nan da kake gani ba haka kawai ya tsira ba. Arewacin Minnesota an sare shi sara na gaske tun daga ƙarshen shekarun 1800, manyan itatuwan pine aka yi ta kwashewa ana gina birane da su. A 1909 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kafa gandun dajin Superior, a 1930 aka yi dokar hana sare itace cikin ƙafa 400 daga bakin tafkunan, sai ta 1978 ta hana saran gaba ɗaya a cikin Boundary Waters. Amma sana'ar ba ta mutu ba fa, a farkon hanyar Gunflint ɗin akwai masana'antar tsaga katako ta Hedstrom da ke aiki tun 1914, mun wuce ta mun ga gumakan icce jibge, mun kuma yi kiciɓis da tireloli ɗauke da su. Can ƙarshen hanyar kuma za ka ga inda gobarar Ham Lake ta 2007 ta cinye, ƙananan itatuwa sun taso cunkus tsakanin duwatsu. Gaskiya sai da na tuna da dazuzzukanmu na gida da ake ta yi wa gawayi ba mai cewa uffan, abin ya tsaya min a rai.

Yanzu ɓangaren da ban ji daɗi ba. A shafinsu sun rubuta akwai wifi, ashe a ofishinsu kawai yake, gidanmu ko ɗigon netwok babu, da wani abu ya samu yaro da dare sai dai in fita da mota. Wannan ya kamata su faɗa ƙarara. Na biyu sauro da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo, watan Yuni ne lokacinsu, kuma ragar tagar ɗakin yara a yage take, na yi magana da safe sai washegari aka zo aka liƙe, kafin nan wuyan yarona duk ya yi rudu-rudu. Sannan kuɗin shara da suka ɗora a ƙarshe bai fito a farashin farko ba, wurin dama ba arha ba ne.

Ga masu sallah, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, asuba kuma da wuri sosai, ku sauke jadawalin a waya tun kuna gari. Abinci kada a bar shi a waje ko a baranda saboda beyar, wata babbar dabbar daji ce, matar ta nanata mana wannan har sau biyu.

In maki zan ba su, huɗu cikin biyar. Mun riga mun yanke shawarar komawa in Allah ya kai mu, amma ƙarshen Agusta ko Satumba lokacin da sauron ya lafa, kuma wannan karon zan kira su a waya in tambayi zancen tagogin kafin in tura ko sisi.