Zotero, Mendeley ko EndNote: Wacce Manhajar Tsara Manazarta Ta Dace da Mai Bincike a Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kare kundin digiri na biyu ko na uku ya san inda jan biron mai jarrabawa ya fi yin ɓarna: shafukan manazarta. An ambaci marubuci a babi na biyu da shekarar 2014, a jerin ƙarshe ya koma 2015. Wani an kafa hujja da shi sau biyar amma babu shi a jerin sam. Wani kuma yana cikin jerin, an nemi inda aka ambace shi a cikin aikin an rasa. Yawanci ba rashin ƙoƙari ke jawo wannan ba. Mutum ya shekara uku yana tara madogara ɗari biyu a takardu da waya da filash, dole wani abu ya zame masa.

Aikin manhajar tsara manazarta ke nan. Za ka shigar da bayanin littafi ko maƙala sau ɗaya, ita kuma ta riƙa saka madogarar a cikin rubutu, ta gina jerin manazarta da kanta, ta juya shi daga wani salon tsara manazarta zuwa wani, kamar daga APA zuwa Chicago ko Vancouver, cikin ɗan lokaci idan mujalla ko sashe ya buƙata. Manyan da ake zaɓa a tsakaninsu uku ne: Zotero, Mendeley da EndNote. Kafin ka sauke ko ɗaya, tambayi kanka abu huɗu: wane irin Word ke kan kwamfutarka, yaya ƙarfin intanet yake a inda kake rubutu, waɗanne irin madogara ne suka fi yawa a aikinka, kuma wace manhaja mai duba aikinka ko abokan bincikenka suke amfani da ita.

Zotero

Kyauta ce, an fara ta a 2006 a Jami'ar George Mason da ke Amurka, a wata cibiyar masana tarihi, kuma wannan asali yana bayyana a yadda aka gina ta. Abubuwa uku ake sakawa: manhajar kanta, sai ɗan maƙalin burauza mai suna Zotero Connector, sai na Word wanda yakan shiga da kansa lokacin girkawa. Tana aiki da LibreOffice da Google Docs ma.

Babban abin da ya sa muke fifita ta ga mai rubutu a Sakkwato shi ne rumbun bayananka yana zaune ne a kan kwamfutarka. Ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke a ɗakin kwanan ɗalibai, za ka ci gaba da saka madogara a Word ba tare da tangarɗa ba. Intanet ana buƙatarsa ne kawai wajen jawo sabon bayani da kuma aika kwafi zuwa asusunka na Zotero da ke intanet. Idan maƙala tana da DOI, wato lambar shaidarta ta intanet, ko littafi yana da ISBN, wato lambar shaidar littafi, sai ka danna alamar sandar nan da ke saman manhajar, ka liƙa lambar, bayanin ya cika kansa. Idan PDF kake da shi, ja shi ka jefa a ciki, za ta yi ƙoƙarin gano sunan marubuci da take da shekara. Tana kuma sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye, abin da ke da amfani sosai ga masu bincike a fannin lafiya.

Rauninta wurin ajiya ne. Bayanan madogara ana ajiye maka su a intanet kyauta ba iyaka, amma fayilolin PDF megabait 300 kawai aka ba ka. Maƙalar mujalla galibi megabait ɗaya ce ko biyu, to amma tsohon kundi ko rubutun hannu da aka ɗauka da na'urar sikana guda ɗaya zai iya cinye 50. Ƙarin wuri na kuɗi ne: dala 20 a shekara don gigabait 2, dala 60 don gigabait 6, dala 120 don mara iyaka. Ɗalibi ba ya buƙatar biyan ko sisi. Shiga saitin Sync, cire alamar aika fayiloli, ka bar bayanan kawai su riƙa tafiya, PDF ɗin kuma ka riƙa kwafe su a filash ko faifan ajiya na waje.

Mendeley

An kafa ta a Landan a 2007, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013. Ita ma kyauta ce, kuma ta fi Zotero sakin hannu wajen ajiya: gigabait 2. Fuskarta tana da sauƙin sabo, kuma wanda yawancin karatunsa maƙalun kimiyya ne masu DOI zai ji daɗinta.

Sai dai a kula, Mendeley da yawancin malamai suka koya ba ita ce ta yanzu ba. An daina ba da tsohuwar Mendeley Desktop ga masu saukewa tun Satumbar 2022, an maye gurbinta da Mendeley Reference Manager, an kuma rufe manhajarta ta waya tun 2021. Maƙalinta na Word, wato Mendeley Cite, daga shagon Microsoft ake ɗauko shi, yana buƙatar Word 2016 ko wanda ya biyo baya, kuma yana jawo madogararka ne daga asusunka na intanet. A nan gizo ke saƙa. Wanda ke da Word 2010 ko 2013, ko wanda aka saka masa Office mara lasisi a shagon gyaran kwamfuta, sau da yawa shagon ba ya buɗe masa. Wanda kuma sabis ya yanke masa da ƙarfe biyun dare yana tsakiyar babi na biyu, sai ya jira. Kada ka shigar da madogara ɗari kafin ka gwada: saka guda uku, buɗe Word, ka ga ko maƙalin yana aiki a kwamfutarka.

EndNote

Ta kamfanin Clarivate ce, ita ce tsohuwa a cikinsu, kuma ita kaɗai ce ake saye. Cikakken lasisi ya haura dala 200, akwai rangwamen ɗalibai, akwai kuma gwajin kwana 30 kyauta. Tana ɗaukar dubban madogara ba gajiya, tana da ƙarfi wajen tace maimaici ga masu bitar ɗaruruwan maƙalu daga PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya na intanet, kuma gyara salo don ya dace da ƙa'idar wani sashe ya fi sauƙi a cikinta. Idan kana cikin ayarin bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma abokan aikinka na waje da ita suke rubutu, ko tallafin bincike zai biya maka, to ka bi su. Daga aljihunka kuwa, da wuya abin da za ta ƙara maka ya kai kuɗin. Kwafin sata da aka fasa makullinsa kuma a guje shi, domin rumbun shekara uku bai kamata ya dogara da manhajar da ba a san abin da aka cusa mata ba. Abu ɗaya da ke halaka masu amfani da ita: rumbunta kashi biyu ne, fayil mai ƙarewa da .enl da folda mai ƙarewa da .Data. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya ya yi asarar PDF ɗinsa.

Akwai wasu biyu da za a ambata a taƙaice. Word yana da nasa wurin madogara a ƙarƙashin References, yana isar mai aikin digirin farko da madogara talatin, amma APA ɗinsa bugu na 6 ne, alhali bugu na 7 ya fito tun 2019. Masu lissafi da fiziks da ke rubutu da LaTeX kuwa, JabRef ko Zotero tare da maƙalin Better BibTeX ya wadatar.

Inda madogararmu ta bambanta

Duk waɗannan manhajoji an ƙera su ne da tunanin maƙalar Turanci mai DOI. Mai bincike a Sashen Harsunan Nijeriya, ko Larabci, ko Tarihi, ko Nazarin Addinin Musulunci, rabin madogararsa ba haka take ba. Akwai rubutun hannu na Larabci da ajami a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, akwai kundayen da ba a buga ba a Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai tsofaffin fitowar mujallu irin su Degel da Ɗunɗaye da a takarda za ka same su, akwai hira da dattawa da shirye-shiryen rediyo. Waɗannan duk da hannu za a shigar da su, don haka tambayar ita ce wace manhaja ce ta tanadar musu gurbi. Zotero da EndNote suna da nau'in rubutun hannu da na hira, kuma a Zotero akwai gidan sunan ma'adana da lambar da aka ajiye takardar da ita. Mendeley ba ta ware musu gurbi irin wannan ba, sai dai a lallaɓa. Ga mai rubutu da bayanin ƙasan shafi irin na Chicago, kamar yadda masana tarihi suka saba, Zotero tana yin sa da kyau.

Sunaye su ne babban tarko. Shehu Usmanu kaɗai za ka same shi a matsayin Ɗanfodiyo, Danfodiyo, Dan Fodio, da Ibn Fudi, gwargwadon wanda ya buga littafin. Manhaja ba ta san mutum ɗaya ba ne. Za ta watsa ayyukansa wuri huɗu a jerin manazarta. Haka kuma idan ka rubuta Bello, M. a wani wuri, Bello, Muhammad a wani, salon APA zai ɗauka mutum biyu ne masu suna ɗaya, ya fara cusa harafin farko a cikin rubutu don bambance su. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka manhajar ce ta lalace, alhali maganin shi ne a zaɓi rubutu ɗaya, a bi duk shigarwar a daidaita. Haruffa masu ƙugiya ma haka: ka tsaya a kan Ɗ ko D tun farko, ka kuma duba inda sunan ya faɗa a jerin abacada, ka tabbatar ya yi daidai da abin da sashenku ke so. Sunan hukuma ko ma'aikata kuwa, a Zotero sai a mayar da gidan suna ya zama guda ɗaya, in ba haka ba za ta yanka shi ta mayar da kalmar ƙarshe sunan mahaifi.

Wasu ƙananan dabaru biyu suna hana ciwon kai. Na farko, a gidan harshe rubuta ha ga aikin Hausa, ar ga na Larabci, domin in ka bar shi fayau, salo irin Chicago zai ɗauki taken a matsayin Turanci ya riƙa girmama haruffan da bai kamata ba. Na biyu, ga tsohon littafin da aka sake bugawa, kamar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da aka kammala a 1812, sa shekarar bugun da ke hannunka a gidan kwanan wata, sannan a gidan Extra ka rubuta original-date: 1812, sai salon ya fito da shekarun biyu. Game da hira, ƙa'idar APA ita ce a ambace ta a cikin rubutu kawai ba a jerin manazarta ba, amma sassa da yawa suna son jerin waɗanda aka yi hira da su daban. Tambayi mai duba aikinka tun kafin ka je fili.

Abin da ke lalata aiki bayan an zaɓa

Madogarar da manhaja ta saka a Word ba rubutu ne zalla ba, akwai ɓoyayyar igiya da ta haɗa ta da rumbunka. Idan ka buɗe fayil ɗin a waya da WPS ka yi gyara, ko ka kai shagon buga takardu aka kwafe shi zuwa wani fayil, ko ka ɗora shi a Google Docs ka sake saukewa, igiyar tana iya tsinkewa. Rubutun zai kasance yana nan, amma jerin manazarta ba zai ƙara sabunta kansa ba. Saboda haka a riƙe fayil na asali guda ɗaya da ba ya barin kwamfutarka, kwafi kawai ake ba mai duba aiki ko mai shago. Kuskuren da ka gani a jerin manazarta kuma kada ka gyara shi a Word, domin da zarar an sabunta zai dawo. A cikin manhajar ake gyarawa.

Bayanin da aka jawo daga Google Scholar yakan zo da giɓi: babu lambar shafi, take duk da manyan haruffa, sunan marubuci a juye. Duba kowace shigarwa a ranar da ka yi ta, minti ɗaya ne, alhali takardar tana gabanka.

Zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, kuma kwamfuta ba ta yin sanarwa kafin ta mutu. Buɗe asusu tun ranar farko, sannan duk mako ka rufe Zotero ka kwafi foldarta gaba ɗaya, wadda ke cikin foldar mai amfani a faifan C, zuwa filash. Amma kada ka mayar da mazaunin wannan folda cikin Google Drive ko Dropbox, yin haka yana lalata rumbun.

Wanda ya riga ya fara da wata manhaja yana son sauyawa, zai iya fitar da rumbunsa a tsarin RIS, wato nau'in fayil ɗin da manhajojin uku duk suke karantawa, ya shigar a sabuwar, kuma Zotero tana iya jawo na Mendeley kai tsaye. Matsalar tana cikin madogarar da aka riga aka saka a babobi, wadda sau da yawa sai an sake saka ta ɗaya bayan ɗaya. In ka wuce babi na uku, ƙarasa da wadda ke hannunka, ka sauya a aiki na gaba. Ranar miƙa kundi kuma, haɗa babobin a fayil ɗaya, danna Refresh a maƙalin Zotero na Word, karanta jerin manazarta daga farko har ƙarshe, sannan ka yi kwafi ka danna Unlink Citations a kan kwafin kaɗai, shi za a kai wurin bugawa da ɗauri.